SOLA A RUFIN MOTA, DUHU A CHALLAWA

Kwana biyun nan bidiyoyin Turawa masu mayar da mota ɗaki sun cika mana Facebook da TikTok. Mutum ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujeru, ya kafa gado da ɗan murhu da ƙaramin firji, sannan ya hau rufin ya manna wani farantin sola siriri mai lanƙwasa kamar tabarmar roba. Daga nan ya shiga duniya abinsa, ba ruwansa da bil, ba ruwansa da jarkar man janareta. Abokai da yawa suna ta yaɗawa suna cewa ga mafita ta samu, wasu ma har cewa suke a daina kukan wuta haka nan, kowa ya je ya nemi tasa. Ina da magana a kan wannan, kuma doguwa ce. Wanda ke sauri ya ajiye ta sai dare.

Da farko dai, irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a Kano. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna Turawa matafiya da ke tasowa daga Turai, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su shigo mana ta Daura ko ta Katsina cikin Land Rover da Volkswagen mai ɗaki, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Masaukinsu shi ne Tourist Camp da ke kan titin Bompai, can wajen Central Hotel. Nan suke kafa tanti, su wanke kaya, su gyara mota, su shiga Kurmi su sayi jakar fata. Hanyar ta mutu ne daga baya, da tawayen Abzinawa a Nijar da yaƙin cikin gida na Aljeriya a shekarun 1990. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, a wancan lokacin bayan kwana da kwanaki a cikin hamada, Kano ce wurin da matafiyi ke ɗokin isa don ya samu wuta da ruwan famfo da ƙanƙara. Yanzu kuwa mu ne muke kallon rufin motarsa muna haɗiyar yawu.

To mene ne shi wannan faranti mai lanƙwasa? Ba wani sihiri a cikinsa. 'Yan murabba'an nan masu duhu da kuke gani a cikin farantin sola na gida, su ne dai a ciki, sai dai maimakon a rufe su da gilashi a kewaye da firam ɗin alminiyam, an matse su ne a tsakanin shimfiɗun roba. Shi ya sa ba shi da nauyi. Mai wat 100 bai wuce kilo biyu ba, alhali ɗan'uwansa mai gilashi yana kai kilo bakwai. Yana bin gantsarewar rufin mota, ana manna shi da gam ba sai an huda rufin ba, iska ba ta kama shi a kan hanya. Ga mai tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma yana da nasa aibun, kuma aibun nan ya fi tsanani a ƙasa irin tamu. Lambar wat da ake rubutawa a bayan kowane faranti, an auna ta ne lokacin da zafin farantin yake digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, ƙarfinsa na raguwa da wajen kashi 0.4 cikin ɗari. Ku ɗauki Kano a watan Afrilu, iska kanta ta haura digiri 40, faranti kuma an manna shi a jikin ƙarfen mota ba wata kafa da iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Zai iya kai digiri 70. Kun ga kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun ba a zo maganar ƙura ba. Zafin nan kuma shi ke cinye robar a hankali, ta dushe, ta fara ɓanɓarewa, ga jijjigar hanya tana tsattsaga na cikin ba tare da ido ya gani ba. Faranti mai gilashi ana ba shi garantin shekara 25. Mai lanƙwasa kuwa yawanci garantinsa bai kai ko kusa da haka ba, kuma masu yin sa sun san dalili.

Akwai abu ɗaya da ya yi mana daidai. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana na bi ta kusan saman kanmu. Farantin da aka shimfiɗa a kwance a rufin mota ba ya asara sosai a nan, ba kamar a Jamus ba inda sai an karkata shi yana fuskantar kudu. Sai dai abin da aka samu ta nan, hunturu na karɓewa ta can. Faranti a kwance matattarar ƙura ne. Duk wanda ya taɓa barin mota kwana biyu a waje a watan Janairu ya san abin da nake nufi.

Mu yi lissafi da yunit, tunda yanzu mita ta koya wa kowa. Faranti mai wat 100, a rana mai kyau a Kano, in aka cire asarar zafi da ƙura da ta kwantirola da batir, abin da zai ba ka bai wuce kashi huɗu cikin goma na yunit ɗaya ba. Guda uku, yunit ɗaya da 'yar ɗoriya. Wannan ya ishi mai motar can: ƙwai biyu, cajin waya da kwamfuta, fanka, da ɗan firjinsa. Ya jona dutsen guga kuwa, cikin awa guda ya lashe abin da ya tara tun safe. Shi ya sa ba za ku taɓa ganin dutsen guga a bidiyoyin nan ba. Sirrin rayuwar mai motar shi ne ya rage buƙatarsa har ta yi daidai da faɗin rufinsa.

To yanzu ku biyo ni Challawa, domin can ne maganar "kowa ya nemi tasa" take cin karo da bango.

A masana'antar jima akwai manyan ganguna da ake zuba fatu da ƙiraga a ciki da ruwa da magani, inji yana juya su awa da awanni. Mu ɗauka injin ganga ɗaya kilowat 30 ne, ya yi awa goma yana aiki. Yunit 300 ke nan. In da farantan mai motar can za ka ciyar da shi, sai ka nemi guda 750, don ganga ɗaya tal, ba a zo kan injin askin fata da na busarwa da famfunan ruwa ba. Kuma fatar da ke cikin magani ba ta san an ɗauke wuta ba. In ganga ta tsaya a tsakiyar aiki ta daɗe, kaya sun lalace. Haka masaƙa take, haka kamfanin roba: wuta ta ɗauke roba na narke a cikin inji, ta daskare, sai an kwance an kankare. Mai masana'anta ba zai iya rage buƙatarsa ta yi daidai da rufinsa ba, sai dai ya rage ma'aikata.

Abin da ke ci min rai shi ne, sunan nan Challawa da shi tarihin wutar lantarki a Kano ya fara. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kammala aikin ruwan famfo da lantarki na birnin, inda ake jawo ruwa daga kogin Challawa, wajen Panshekara. Kuɗin aikin daga Baitulmalin Kano ya fito, wato harajin talakawa da jangali, a lokacin da gyaɗa ta fara kawo kuɗi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne, kuma na san wutar farko ba gidan talaka ta fara shiga ba. Abin da nake nunawa shi ne, akwai lokacin da garin nan yake samar da wutarsa da kansa, da kuɗinsa, a ƙofar gidansa, kuma in ta lalace an san wanda za a tambaya.

Daga baya abin ya fara nisa da mu mataki-mataki. A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, ta tattara tashoshin wuta na garuruwa har da na En'e-En'e ta haɗa a hannu ɗaya. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, mai megawat 760. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka samu NEPA. Aka ƙara Jebba a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙara Shiroro a 1990. A takarda wannan ci gaba ne, kuma da farko ci gaban ne da gaske, don wutar ruwa ta fi ta ƙananan injuna arha nesa ba kusa ba. Sai dai farashin da Kano ta biya shi ne ta koma ƙarshen waya. Wutar da ke shigo mana daga babban layin ƙasa, shekara da shekaru a kan layi ɗaya mai kilobolt 330 take zuwa, daga Mando a Kaduna zuwa tashar Kumbotso. Birni na biyu a harkar masana'antu a duk ƙasar, rataye da igiya ɗaya. Su kuwa tashoshin da aka riƙa ginawa daga baya, yawancinsu na gas ne, kuma suna can kudu inda gas ɗin yake.

A kan wannan alƙawari na wuta mai arha aka gina unguwannin masana'antu. Bompai ce ta fari, tun kafin samun 'yancin kai, da kamfanonin matsar gyaɗa da na alewa da kwanuka da takalma. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, zamanin Audu Baƙo da bayansa, abin ya bunƙasa, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka buɗe Challawa inda masu jima suka fi taruwa saboda kusa da ruwa. Kamfanin fulawa na Arewa yana Bompai. Ana harhaɗa keken Raleigh a Kano. Ana harhaɗa manyan motocin Fiat a kamfanin NTM. Marigayi Isyaka Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, daga baya ga masaƙar Gaskiya ta marigayi Nababa Badamasi. Kuma wannan duk ɗori ne a kan tsohon tushe, don tun a 1851 da Bature Heinrich Barth ya zo Kano, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da aikin fata da ake kai wa har Tumbuktu da Turabulus.

Ku tambayi duk wanda ya tashi a Dakata ko Tudun Murtala ko Sharaɗa ko Panshekara a shekarun nan. Da jiniyar kamfani ake sanin lokaci. In aka tashi daga aikin safe, titi cika yake da kekuna har ba masaka tsinke, masu aikin rana na shiga, na dare na jiran nasu lokacin. Kowane ma'aikaci ɗaya akwai mai abinci da mai shayi da mai facin keke da mai gidan haya da ke ci ta jikinsa. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck har littafi ya rubuta a 1986 a kan leburorin kamfanonin Kano, yadda yaran ƙauye da almajirai suka zama ma'aikatan albashi. Wato kamfanonin nan su ne ƙofar da wanda bai yi boko ba, ba shi da jari, ba shi da uba a gindin murhu, yake bi ya zama mai gida. Yau wannan yaron, in ya yi sa'a, adaidaita sahu yake tuƙawa na wani.

A yi adalci, ba wuta kaɗai ta kashe su ba. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe dalar gyaɗa, kamfanonin matsar mai suka rasa abin matsa. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu, samun lasisin shigo da kayan aiki ya zama sai mai hanya. Sai kuma SAP ta Babangida a 1986: kafin nan a hukumance Naira ta fi dala daraja, cikin ɗan lokaci dala ɗaya ta koma kusan Naira huɗu. Duk wanda injinsa da kayan gyaransa da sinadarinsa daga waje suke zuwa, ya kwana da bashi ninki huɗu. A 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke ƙayyade cinikin tufafi, atamfar Sin ta kwararo, wata ta tashar ruwa, wata ta Kwatano da Maraɗi ta ɓarauniyar hanya. Kantin Kwari ya ci gaba da girma, masaƙun da ke 'yan kilomita kaɗan daga shi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Amma a ganina wuta ce ta hana a farfaɗo. Sauran musibun sun samu Legas da Ogun ma. Bambancin shi ne, da wutar NEPA ta zama sai an ga dama, mai kamfani a Ikeja ko Agbara ko Ota ya samu bututun gas ya ja zuwa harabarsa ya kunna injinsa da shi. Na Challawa kuwa ba shi da zaɓi sai dizal, wanda za a ɗauko a tanka daga kudu, tafiyar kilomita dubu. Kaya iri ɗaya, kasuwa ɗaya, amma kuɗin wutar ɗaya ya ninka na ɗayan. Ba sai an yi wa kowa asiri ba. Bututun gas na AKK mai kilomita 614, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, sai a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, kuma an sha ɗaga ranar kammalawa.

Sauran labarin kun san shi, don da ku aka yi. NEPA ta koma PHCN a 2005. A Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Sunaye sun canza, amma abin da babban layin ƙasa ke rabawa yana nan yana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, ƙaramin janaretan mai shago ya zama abin kallo. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga Naira sittin da wani abu zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya, kuma masana'antu su ne a kan gaba cikin waɗanda abin ya shafa. Sai Oktoban 2024 ya zo ya nuna mana ainihin ma'anar zama a ƙarshen waya. An riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga suka hana shiga, sai layin da ya rage, na Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya samu matsala. Kusan kwana goma akasarin Arewa na cikin duhu. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta katse musu wuta, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da suke amfani da shi daga nan yake zuwa.

Saboda haka ban ga laifin wanda ya ga faranti a rufin mota ya ji kamar ya ga 'yanci ba. Wanda aka daɗe ana ja wa rai, ko kaɗan ya samu na kansa sai ya fi masa daɗi.

Ita solar kanta ta yi doguwar tafiya kafin ta iso rumfar mai cajin waya. A 1954 aka ƙera ta farko mai amfani a ɗakin binciken Bell a Amurka, tana mayar da kashi shida kacal cikin ɗari na hasken rana zuwa wuta, kuma tsadarta ta sa sai tauraron ɗan'adam ake sa wa, kamar Vanguard 1 a 1958. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, yankinmu bai zo a makare ba wajen tunanin abin. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni na Nijar, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun ƙarshen shekarun 1960 yake jagorantar hukumar ONERSOL yana ƙera tukunyar dafa ruwa da murhu da injuna masu aiki da zafin rana. A Sakkwato ma tun farkon shekarun 1980 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tunani an yi shi, masana'antar da za ta ɗauke shi ta mayar da shi kaya ce ba a samu ba. Sin ce ta yi wannan. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari, kuma yau sama da kashi 80 na abin da duniya ke amfani da shi can ake yin sa. Ga abin dariya mai ciwo: ƙasar da atamfarta ta taimaka wajen rufe masaƙunmu, ita ce ke sayar mana da farantin da muke haska shagon da muke sayar da atamfar tata.

A matakin kasuwa da makaranta sola ta yi aiki a Kano, ba na musu. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, an shigo da tsarin sola na haɗaka a 2018 ƙarƙashin hukumar samar da wuta a karkara, inda mai shago ke biyan kuɗin abin da ya sha maimakon kowa da janaretansa da jarkar mai a tsakiyar kaya. A Satumban 2019 aka buɗe tashar sola ta jami'ar Bayero mai megawat 7.1. Shago da aji buƙatarsu fanka ce da fitila da kwamfuta, kuma da rana suka fi buƙata, lokacin da ita ma solar ke kan ganiyarta.

Sai babbar: a ƙarshen Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, ƙaramar hukumar Kumbotso. Hukumar NSIA ce ta gina ta, a kan hekta 24, da faranti sama da 21,000, a kan dala miliyan 16, kuma aka ce ita ce mafi girma a ƙasar cikin masu haɗe da babban layi. Na yi murna da ita har yanzu, domin karo na farko ke nan bayan dogon lokaci da aka sake samar da wuta mai yawa a ƙasar Challawa kanta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiyar girmanta. A ƙiyasina, a rana mai haske za ta ba da yunit dubu 45 zuwa 50. In kun tuna gangar jimar can mai cin yunit 300, to abincin irinta 150 ke nan da 'yan kai, a rukunin da ya kamata a ce kamfanoni da dama na aiki a lokaci guda, kowanne da injuna bila'adadin. Kuma da la'asar sakaliya ta fara ja baya, da magariba ta yi shiru. Masana'antar da ke son ta yi gogayya da ta Guangzhou kuwa sai ta yi aiki dare da rana, don injin da aka saya da bashin dala ba ya biyan kansa da awa takwas. Dare sai batir mai tsada, ko ruwa, ko gas. Ruwan muna da shi: Tiga tun 1974, madatsar Challawa ta Ƙaraye tun 1992, duk an gina su don noma da sha. Sai a zangon Kwankwaso na biyu aka fara aikin sa musu injin wuta, aka ci gaba a zamanin Ganduje, kuma abin da ake magana a kai a Tiga megawat 10 ne, wanda aka tsara don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi.

Akwai kuma wani ɓangare na "kowa ya nemi tasa" da ba a cika kawowa ba. Wa ke iya nema? Mai kuɗin da zai sayi faranti goma da inbata da batirin litiyam. Wato daidai mutanen da ke biyan bil mai tsoka a kan lokaci, kuma waɗanda in suka ɗaga waya ana saurare. Duk lokacin da ɗaya ya sauka daga layi, kuɗin gyaran taransifoma da waya ya rage a kan waɗanda ba su da inda za su, kuma muryar da za ta yi ƙorafi ta ragu da ɗaya. Mun ga yadda abin ya kasance da ruwa. Da kowane mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, aka daina jin hayaniya a kan famfo, talaka ya koma hannun 'yan garuwa. Mun gani a makaranta, mun gani a asibiti. Ina tsoron wuta ma hanyar da ta ɗauka ke nan, kuma masana'anta ita ce ba ta iya bin mu.

Wanda ke son faranti mai lanƙwasa, ban hana shi ba, akwai waɗanda ya dace da su sosai. Direban babbar mota da ke kwana a hanya tsakanin Kano da Legas, ya samu fanka da fitila da caji ba tare da ya kashe batirin motarsa ba. Makiyayi da ke tashi daga wannan mashekari zuwa wancan, wanda mai gilashi zai fashe masa a kan jaki ko babur. Mai tura kurar lemo da ruwan sanyi, da motar asibitin tafi-da-gidanka mai ɗauke da allurar rigakafi. In za ka sa, kar ka manna shi kai tsaye a jikin ƙarfe, ka sa wani abu mai ramuka a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Ka riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin ya yi zafi. Kar ka bari inuwar kariya ko ta kaya ta faɗa a kan ko da gefe ɗaya ne, don a jere aka haɗa na cikin, ɗaya ya shiga inuwa sai ya ja sauran ƙasa. In kuma rufin kwano ne na gida ko shago da ba ya zuwa ko'ina, sayi mai gilashi, ya fi arha ya fi ƙarko. Masu cewa a manna a rufin adaidaita sahu mai lantarki ya riƙa tafiya kyauta, su sake lissafi: rufin ba zai ɗauki fiye da wat 200 zuwa 300 ba, wato wajen yunit ɗaya a rana, alhali yinin aiki daga Kabuga zuwa Bata zuwa Yankaba yana cin ninkin haka sau da yawa. Taimako ne, amma sai an je an yi caji.

Tun watan Yunin 2023 dokar lantarki ta ƙasa ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar da za ta kula da kasuwarta a cikin iyakokinsu. Wato ikon da ya bar hannun Kano a 1951, a takarda ya dawo. Ni abin da zan so in ji daga duk wanda zai zo neman ƙuri'armu, ko na jam'iyyar da nake so ne, abu uku ne masu lamba. Yunit nawa tashar Challawa ke bayarwa kowane wata, kuma su wa ke sha? Megawat nawa Bompai da Sharaɗa da Challawa ke buƙata in za su yi aikin dare da rana, kuma daga ina na dare zai fito? Sannan ranar da gas ya iso ƙarshen bututun AKK, wa ya ɗauki nauyin jan sa daga can zuwa ƙofar kamfanonin, kuma an ware kuɗin a wane kasafi?